Baƙin Dutse: Rayuwar Abubakar Tafawa Ɓalewa da tarihin sunan da ya aro daga garinsu

Takardar naira biyar ta kusa ɓacewa daga hannun jama'a, domin yanzu da ƙyar take sayen ko da alawa. Amma duk wanda ya taɓa riƙe ta ya san fuskar da ke jikinta, ya kuma san sunan da aka rubuta a ƙasan fuskar. Sunan nan yana kan babban dandalin taro da ke tsakiyar tsibirin Legas, yana kan jami'ar tarayya da asibitin koyarwa da filin wasa a Bauchi, yana kan tituna a Abuja da Kaduna da Jos. Saboda yawan jin sa, matasa da dama sun ɗauka Tafawa ne mahaifin Firayim Ministan Najeriya na farko, Ɓalewa kuma kakansa. Alhali sunan mahaifinsa Yakubu. Tafawa Ɓalewa gari ne, kimanin kilomita 80 kudu da birnin Bauchi, a kan hanyar da ta bi ta Dass ta nufi Filato.

Yadda sunan ƙaramin gari ya manne wa ɗan talaka har ya zama sunan zuriyarsa labari ne na yadda ilimin boko ya buɗe ƙofar mulki a Arewa ga waɗanda ba su gaji sarauta ba. Shi kuwa garin da ya ba da aron sunan, tun 1991 aka fi jin sa a labarai saboda jinin da ake zubarwa a kan tambayar wane ne mai shi.

Abin da sunan yake nufi

Asalin sunan daga Fulatanci ne. Kalmomi biyu ne aka haɗa: tafari, wato falalen dutse, da ɓaleri, wato baƙi. Ma'anarsa ke nan baƙin dutse, kuma duk wanda ya ratsa kudancin Bauchi ya ga irin duwatsun da ke ƙasar ba zai yi mamakin wannan suna ba. Da kalmomin suka shiga bakin Bahaushe sai ya lanƙwasa ƙarshensu ya mayar da su irin na sunayen garuruwan da ya saba da su, aka sami Tafawa Ɓalewa. Da suka shiga keken rubutun Bature, wanda ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai ɓ ta koma b. Daga baya mutanen Kudu da jaridun ƙasashen waje suka yanke rabin farko suka riƙa cewa Balewa kawai, ba tare da sanin cewa sun jefar da dutsen sun riƙe baƙin ba.

Sayawa, waɗanda ke kiran kansu Zaar, suna da nasu sunan ga wannan gari: Puji. Su ma fassarar da suke yi masa ita ce baƙin dutse. Harsuna biyu suka dubi wuri ɗaya suka ga abu ɗaya, kuma wannan daidaituwa za ta sake dawowa a ƙarshen labarin.

A wannan gari aka haifi Abubakar a watan Disamba na 1912, shekara tara bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, shekara guda da 'yan kwanaki kafin Lugga ya haɗe Arewa da Kudu. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bageri ne, yana hidima a gidan hakimin ƙasar Lere ta masarautar Bauchi. Mahaifiyarsa, Fatima Inna, ta haɗa jinin Gerawa da Fulani. Gerawa ba baƙi ba ne a tarihin mulkin Bauchi, domin Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarautar, daga cikinsu ya fito. Sai dai ƙabila ɗaya ba gida ɗaya ba ce. Gidan su Abubakar gidan masu yi wa sarauta hidima ne, kuma a tsarin wancan zamani ɗan irin wannan gida iyakarsa ya gaji hidimar ubansa.

Yadda gari yake zama sunan mutum

Bahaushen dā bai san sunan iyali irin na Turawa ba, wanda jika zai gada daga kaka. Ana kiran mutum da sunansa na yanka, ko da laƙabi, ko a jingina shi ga ubansa, ko sana'arsa, ko sarautarsa. Makarantar boko ce ta zo da rajista mai neman suna biyu. A aji ɗaya sai a sami Muhammadu huɗu da Abubakar uku, kuma tarbiyyar kunya ba ta barin yaro ya riƙa ambaton sunan mahaifinsa gatsau a gaban jama'a. Hanya mafi sauƙi ga malami ita ce ya tambayi yaro daga ina ya zo, ya rubuta sunan garin a gaban nasa.

Haka aka sami Aminu Kano da Yahaya Gusau da Isa Kaita da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Abubakar Imam ya fara ne a matsayin Abubakar Kagara, yayansa kuma ya ci gaba da zama Bello Kagara har ƙarshen rayuwarsa. Sardaunan Sakkwato kansa Ahmadu Raɓa ake kiran sa lokacin yana ɗalibi. Bambancin shi ne Sardauna yana da sunan gida da zai koma gare shi, sai ya ɗauki na kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma wannan suna kaɗai ya isa ya sanar da kowa daga wane tsatso ya fito. Abubakar ba shi da irin wannan gado, sai ya riƙe sunan garinsu. Al'adar ba ta mutu ba har yau: Kwankwaso da Tambuwal da Wamakko da Maƙarfi duk garuruwa ne kafin su zama sunayen 'yan siyasa.

Bayan karatun allo, Abubakar ya shiga elimantare a Tafawa Ɓalewa a 1922, ya wuce makarantar lardi a Bauchi a 1925, sannan ya tafi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1928. Wannan kwaleji, wadda daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, ita ce ta yaye kusan dukkan waɗanda suka karɓi mulkin Arewa daga hannun Turawa. Ana koyar da Turanci a cikinta da tsanani, musamman furuci, kuma a nan ne Abubakar ya samo muryar da daga baya ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya na Afirka. Ya tarar da Ahmadu Raɓa yana gaba da shi da shekara biyu.

Malamin makaranta mai littafi ɗaya

A 1933 ya koma Bauchi ya kama koyarwa a makarantar Midil. A wannan shekara ce Dokta R. M. East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga gasar aka fitar da littattafai biyar waɗanda har yau ake ɗaukar su a matsayin harsashin ƙagaggen labarin Hausa, cikinsu har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Na malamin Bauchi shi ne Shaihu Umar.

Yayin da sauran marubutan suka karkata ga raha da al'ajabi da jarumta, shi labarin bauta ya zaɓa. Yaro ne aka sace shi daga ƙasarsu, aka ratsa Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya ba shi ilimi, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. A ƙarshe yaron ya komo ƙasar Hausa yana shaihin malami, ɗalibai na zuwa wurinsa daga nesa. Matashi ɗan shekara 21 wanda ya tashi a gidan hidima ya rubuta labarin mutumin da ya rasa asali kuma ilimi ya ba shi matsayi. An fassara littafin zuwa Turanci a 1967, an mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

Ya kai matsayin shugaban makarantar. A farkon shekarun 1940 Bauchi ta tara mutum uku da za su ja siyasar Arewa ta fuskoki daban-daban: shi, da Aminu Kano wanda aka turo koyarwa a makarantar, da Sa'adu Zungur. Sun haɗu a wani zauren tattaunawa da hukuma ta amince a kafa, inda ma'aikatan En'e da malamai ke muhawara kan al'amuran jama'a. Tambayoyin da aka riƙa yi kan ikon sarakuna da mulkin Turawa suka yi zafi har hukuma ta rufe zauren. Tun a nan halin kowannensu ya bayyana. Sa'adu da Aminu suna ganin tsarin ya ruɓe, sai an tumɓuke shi. Abubakar yana ganin a gyara shi daga ciki, sannu a hankali.

A 1945 yana cikin rukunin farko na malaman Arewa da aka tura Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya dawo a 1946 ya zama jami'in ilimi na En'e, a shekarar kuma aka zaɓe shi ya wakilci Bauchi a sabuwar Majalisar Wakilai ta Arewa, daga nan ya wuce Majalisar Dokoki ta ƙasa a 1947.

Ƙudurin da ya girgiza fadoji

Waɗanda suka san shi a matsayin mai sanyin hali kawai sukan yi mamaki idan suka ji abin da ya yi a Kaduna a watan Agusta na 1950. Ya miƙe a majalisa ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin En'e baki ɗayansa. Ya yi magana kan cin hanci, da yadda sarki shi kaɗai yake zama hukuma ba tare da wanda zai tambaye shi ba, da yadda talaka ba shi da ta cewa kan harajin da yake biya. A lokacin shi ma'aikacin En'e ne, albashinsa daga baitulmalin sarki yake fitowa. Ƙudurin ya tsallake da ƙyar, sarakuna da dama suka fusata, amma gwamnati ta sa aka yi bincike, kuma a 'yan shekarun da suka biyo baya aka sauya doka yadda sarki zai riƙa zartar da hukunci tare da majalisarsa.

A wannan watan ne aka kafa NEPU a Kano. Jam'iyyar Mutanen Arewa kuwa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, kuma a cikinta Abubakar ya zauna. A 1954 aka zaɓi Sardauna shugabanta, shi kuma mataimaki. Wannan tsari na shugaba a Kaduna, mataimaki a Legas, shi ya bi shi har kabari.

Ra'ayinsa game da Najeriya ma ya sauya da tafiyar lokaci. A ƙarshen shekarun 1940 ya fito fili a majalisa ya nuna cewa haɗin kan ƙasar buri ne na Turawa, jama'arta ba su rungume shi ba, ya kuma nuna fargabar cewa 'yan Kudu masu ilimin boko za su mamaye ayyukan Arewa. Yana cikin wakilan Arewa da aka yi wa ihu a titunan Legas a 1953 saboda sun ƙi goyon bayan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956. Ya riƙe ma'aikatar ayyuka daga 1952, sannan ta sufuri daga 1954, inda a zamaninsa aka kafa hukumar tashoshin jiragen ruwa da hukumar jiragen ƙasa. A 1955 ya je Amurka duba yadda ake sufuri a kogin Misisifi domin a gwada irinsa a Kwara da Binuwai. Ganin yadda mutane masu asali daban-daban suka zama ƙasa ɗaya a can ya sa ya dawo da yaƙinin cewa Najeriya ma za ta iya.

Daga baƙin dutse zuwa zauren duniya

A ƙarshen watan Agusta na 1957 aka naɗa shi Firayim Minista. Sardauna, wanda shi ne jagoran jam'iyya mafi rinjaye, ya zaɓi ya zauna a Kaduna ya riƙe Arewa. Abu na farko da Abubakar ya yi shi ne kafa gwamnatin haɗin gwiwa wadda ta ƙunshi NPC da NCNC ta Nnamdi Azikiwe da AG ta Obafemi Awolowo, domin ƙasar ta tunkari 'yancin kai da murya ɗaya. Bayan zaɓen 1959, inda Arewa ke da kujeru 174 cikin 312, NPC ta ƙulla ƙawance da NCNC, Awolowo ya zama jagoran adawa.

Ranar 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Legas, ya karɓi takardun 'yancin kai daga hannun Gimbiya Alexandra wadda ta wakilci Sarauniyar Ingila. Bayan kwana shida ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar da Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. A watan Disamba mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta. A watan Yuli na 1961 ya kai ziyara Amurka bisa gayyatar Shugaba Kennedy, ya yi jawabi a majalisar dokokin ƙasar. Masu karanta labarai a gidajen rediyon duniya suka koyi furta sunan wani gari a ƙasar Lere wanda yawancin 'yan Najeriya ma ba su san inda yake ba.

Shi ya riƙe harkokin waje da kansa har 1961, lokacin da ya miƙa wa Jaja Wachuku. Masu suka sun ce ya cika jingina ga Ingila, kuma suna da hujja: yarjejeniyar tsaro da ya ƙulla da ita ta jawo zanga-zangar ɗalibai har aka soke ta a watan Janairu na 1962. Amma gwamnatinsa ce ta kori jakadan Faransa a watan Janairu na 1961 saboda gwajin makaman nukiliya a hamadar Aljeriya. Yana cikin shugabannin da suka matsa lamba har gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1961. Ya tura sojoji da 'yan sanda aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. A muhawarar haɗin kan nahiya ya saɓa wa Kwame Nkrumah na Ghana, mai son a kafa gwamnatin Afirka guda nan take, ya tsaya kan a haɗa kai a hankali kowace ƙasa da iyakarta, kuma wannan ra'ayi ne ya yi rinjaye lokacin da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963.

Inda haƙuri ya gaza

A gida ne al'amura suka cije. A 1962 jam'iyyar AG ta dare tsakanin Awolowo da Firimiyan Yamma Samuel Ladoke Akintola, aka yi dambe a majalisar Ibadan. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Bayan wata bakwai mulki ya koma hannun Akintola, wanda ya zama abokin NPC. A watan Satumba na 1963 kotu ta ɗaure Awolowo shekara 10 bisa laifin cin amanar ƙasa. Mafi yawan Yarabawa sun ɗauki wannan duka a matsayin shiri na murƙushe adawa da ƙarfin tarayya, kuma tabon bai goge ba har yau.

Ƙidayar 1962 ta jawo rigima har aka soke ta. Wadda aka sake a 1963 ta ba ƙasar mutum miliyan 55.6, Arewa na da miliyan 29.8, gwamnatin Gabas ta ƙi amincewa. A watan Yuni na 1964 ma'aikata suka tsunduma yajin aikin gama-gari kan albashi. A ƙasar Tibi aka yi tarzoma a 1960 da 1964, har aka tura sojoji. A cikin Arewa kuwa, 'yan NEPU sun ci gaba da shan ɗauri da bulala a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai, wato hukumomin En'e ɗin nan da shi kansa ya yi ƙorafi a kansu a 1950. Yana Firayim Minista, amma tsarin mulki ya bar waɗannan hukumomi a hannun jihohi, kuma shugaban jam'iyyarsa ne ke riƙe da jihar Arewa.

Zaɓen 30 ga Disamba, 1964, ya zo da zargin maguɗi da hana 'yan adawa tsayawa takara, ƙawancen UPGA ya ƙaurace masa a wurare da yawa. Shugaban ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai gayyaci Abubakar ya kafa gwamnati ba, ƙasar ta zauna cikin zullumi har aka sasanta a farkon Janairu na 1965. Zaɓen jihar Yamma na watan Oktoba na 1965 ya fi wannan muni. Bayan an ce Akintola ya ci, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe, ana watsa wa mutane da gidaje fetur ana cinna wuta. Wanda ya kafa dokar ta-ɓaci a 1962 kan rikicin da bai wuce zauren majalisa ba, a wannan karon bai kafa ba, alhali ana mutuwa a tituna. Wannan ita ce tuhuma mafi nauyi da tarihi yake yi masa. Masu kare shi suna cewa mutum ne mai riƙe da ƙawance mai rauni, wanda ikon jam'iyya ba ya hannunsa, kuma ya yi imani cewa haƙuri da sulhu za su kashe wutar. Masu suka suna cewa shugaba ba ya fakewa da haƙuri idan wanda ake zargi abokin siyasarsa ne.

Daren 15 ga Janairu

A ranakun 11 da 12 ga Janairu, 1966, ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya, inda Turawa 'yan tsiraru suka ayyana 'yancin kai na gaban kansu. Wannan ne karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen Landan. Kwana uku bayan haka, cikin watan azumi, kafin asubar 15 ga Janairu, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka shiga gidansa da ke Onikan suka tafi da shi, tare da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. A daren ne aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Akintola a Ibadan, aka kashe manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Mulki ya faɗa hannun Janar Aguiyi-Ironsi, hafsan da ya yi suna a aikin Kwango da gwamnatin Abubakar ta tura shi.

An yi kwana shida ba a san inda Firayim Minista yake ba. Ranar 21 ga wata aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta. Aka kai shi Bauchi aka binne ana dab da ƙaramar Sallah. Yana da shekara 53.

Abin da ya bari na dukiya bai taka kara ya karya ba: gida a Bauchi da gona. Hoton da matasa suka fi yaɗawa a kafofin sada zumunta shi ne wanda aka ɗauke shi yana hutu a gona, zaune a ƙasa da 'ya'yansa suna shan rake. Manyan ayyukan da aka fara a zamaninsa sun haɗa da madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, da layin dogo da ya bi ta Bauchi ya isa Maiduguri a 1964.

Sunan bayan mai shi

Da mutuwarsa sunan ya shiga wata rayuwa. Filin sukuwar da aka sauke tutar Ingila a cikinsa aka sake gina shi a shekarun 1970 aka sa masa Dandalin Tafawa Ɓalewa. A 1979 aka buɗe ginin kabarinsa a Bauchi, wanda mai ziyara ke shiga ta wani lungu mai duhu, alamar zamanin mulkin mallaka, kafin ya fito fili inda kabarin yake ƙarƙashin sararin sama. Jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Bauchi a 1980 ta zama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988. 'Ya'yansa da jikokinsa suka riƙe sunan a matsayin na iyali. Abin da malamin elimantare ya rubuta a rajista don ya bambanta wani Abubakar da wani, ya zama sunan gida da ake gada cikin zuriya ɗaya. Duk da shahararsa, sunan bai yaɗu a matsayin na mutane ba: in ba zuriyarsa ko 'yan asalin garin ba, da wuya a sami mai amsa shi.

Garin kuwa ya bi wata hanya. Sayawa da Jarawa da Fulani da Hausawa da wasu ƙabilu sun daɗe suna zaune a ƙasar, Musulmi da Kirista. A baya Sayawa sun shafe shekaru suna neman a ba su masarautarsu a cire su daga ƙarƙashin masarautar Bauchi, kuma sun nemi hedikwatarta ta kasance a wannan gari da suke kira Puji. Al'ummar Musulmi na garin suna cewa kakanninsu ne suka kafa shi, suna kafa hujja da sunansa na Fulatanci. A watan Afrilu na 1991 wata hatsaniya kan nama ta zama tarzomar da ta kai har birnin Bauchi, aka rasa rayuka masu yawa. An sake yi a 1995 da 2001 da 2011. Iyalai da dama sun bar garin ba su koma ba, kuma a 2012 Majalisar Dokokin Jihar Bauchi ta mayar da hedikwatar ƙaramar hukumar zuwa Bununu. Kwamitocin bincike sun zauna sun miƙa rahotanni, gwamnoni sun zo sun wuce, kowane mataki da aka ɗauka kan batun masarautar sai ya faranta wa wani ɓangare ya fusata wani.

Kowane ɓangare yana riƙe da sunan da ke harshensa a matsayin shaidar cewa shi ya riga zuwa, alhali sunayen biyu dutse ɗaya suke nunawa. Mutumin da ya fitar da sunan duniya kuwa bai dace da layin da aka shata ba: ubansa Bageri, mahaifiyarsa da jinin Fulani, da Hausa ya yi rubutu, da Turanci ya yi mulki, kuma rabin rayuwarsa ta siyasa ya yi ta ne yana ƙoƙarin riƙe al'ummomin da ba su yarda da juna ba a inuwa ɗaya. Ya ci nasara a wasu wurare, ya gaza a wurin da gazawar ta ci ransa da jamhuriyar da ya jagoranta. Tambayar da ta kayar da shi, ta yadda za a raba iko tsakanin maƙwabtan da kowannensu ke tsoron ɗaya zai danne shi, ita ce har yanzu ke gaban mutanen garin da aka haife shi.